Amsoshin Wasiƙunku: Kulorin da Sitabilaiza a Kwamin Ninƙaya na Ruwan Gishiri

Kwamin ninƙaya na ruwan gishiri shi ma da kulorin yake aiki. Bambancin kawai shi ne a cikin ruwan ake samar da kulorin ɗin, maimakon a sayo shi a bokiti ana barbaɗawa. Wannan ita ce amsar farko ga wasiƙar da ta iso wa wannan shiri namu daga Paikon Kore, cikin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, daga wani mai sauraro da ke kula da kwami a wani gidan gona. Ya ce an faɗa masa ruwan gishiri ba ya buƙatar magani, amma ga shi da safe ruwan garau, kafin la'asar ya dushe, bayan 'yan kwanaki kuma gansakuka ta kama bango.

Ana narka gishiri kimanin giram 3 a kowace lita, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na gishirin teku mai giram 35. Famfo yana tura ruwan ta cikin wani bututu mai farantan ƙarfen taitaniyom, lantarki ya ratsa farantan, gishirin ya rabu, kulorin ya fito. Idan ya gama kashe ƙwayoyin cuta sai ya sake komawa gishiri. Na'urar ba ta samar da komai sai famfo yana juyawa, don haka duk awar da aka ɗauke wuta ba a tayar da janareta ba, kwamin yana cin abin da ya tara ne kawai.

Abin da ke cinye kulorin da rana shi ne hasken rana kansa. Kulorin da ba shi da kariya, mafi yawansa kan lalace cikin awa biyu zuwa uku na tsakar rana, kuma duk wanda ya san Gwagwalada a watan Maris da Afrilu ya san ba ranar wasa ake yi a can ba. Na'urar gishiri a hankali take fitar da nata, ba za ta iya tsere da irin wannan asara ba. Maganin shi ne sitabilaiza, wato asid ɗin sayanurik, wani farin gari mai tsaki-tsaki. Aikinsa kamar na rumbu ne: yana riƙe mafi yawan kulorin inda rana ba ta cin sa, yana sakin kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da ruwan ya cinye.

Ana auna su duka biyun da miligiram a lita, wato giram 1 a lita 1,000 shi ne awo 1. Kwamin da ake zuba wa kulorin da hannu yakan wadatu da sitabilaiza 30 zuwa 50. Na gishiri, yawancin masu ƙera na'urar suna ba da shawarar 60 zuwa 80. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce 100. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4 da matsakaicin zurfin mita 1.5 yana ɗaukar lita 48,000, zai buƙaci gishiri wajen kilo 150, da sitabilaiza kilo 3.4 don a kai 70. Garin sitabilaiza ba ya narkewa da wuri. Akan ƙulle shi a safa ko ƙyalle a rataye a bakin inda ruwa ke fitowa, ana ɗan matsawa, kuma a jira 'yan kwanaki kafin a auna. Ya fi kyau a fara da kashi biyu cikin uku na abin da aka lissafa, a cika sauran bayan awo.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin wasiƙa ta biyu, daga wani ma'aikacin masaukin baƙi a Gwagwalada. Shi nasa awon yana nuna kulorin 2, adadin da aka koya masa cewa ya isa, amma ruwan ya yi kore. Ya ƙara da cewa duk lokacin da wuta ta daɗe ba ta dawo ba yakan jefa fararen ƙwayoyin nan masu faɗi a kwandon tace shara. To, nan matsalar take. Waɗannan ƙwayoyi, da ake kira tiraikulo, da sitabilaiza a jikinsu: duk kulorin 10 da suka bayar, suna barin sitabilaiza kimanin 6. Kulorin ya yi aikinsa ya tafi, shi kuwa sitabilaiza yana nan. Rana ba ta ƙona shi, ba ya bin tururi, matata ba ta kama shi. Wata biyu ana jefa ƙwaya, sai a wayi gari ya haura 100 ba wanda ya sani.

Kuma abin awo yana yaudara a nan, domin ruwan hodan da yake nunawa ya haɗa kulorin da ke sake da wanda sitabilaiza ya riƙe. Saboda haka lambar kulorin ita kaɗai ba ta faɗin komai, sai an ɗora ta a kan ta sitabilaiza. Hukumar CDC ta Amurka ta sa mafi ƙaranci 1 a kwamin da babu sitabilaiza, 2 a wanda yake da shi. Masu sana'ar kuma suna da ƙiyasin da suke bi a kwamin gishiri, cewa kulorin kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na sitabilaiza. Idan sitabilaiza 70 ne, ana son kulorin 3.5 ko 4. Idan ya kai 140, kulorin 2 bai fi sunan magani ba, gansakuka za ta yi abin da ta ga dama.

Awon sitabilaiza ba shi da wuya. Ana haɗa ruwan kwami da wani ruwan gwaji, haɗin ya yi fari-fari, sannan a dinga ɗiga shi cikin siririyar kwalba mai baƙin ɗigo a gindi, ana leƙawa daga sama a cikin haske. Inda ɗigon ya ɓace wa ido, nan ake karanta lamba. Sau ɗaya a wata ya isa. Kulorin da pH (ma'aunin tsamin ruwa) kuwa kullum ne.

Idan sitabilaiza ya yi yawa, hanyar da aka tabbatar ita ce a rage ruwan a zuba sabo. Daga 140 zuwa 70 rabin ruwa ke nan, lita 24,000 a misalin da ya gabata, da kuma rabin gishirin da zai bi shi. Ga mai sayen ruwan tanka wannan kuɗi ne na gaske. Kada a kwashe kwami ƙarƙaf da damina, ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa na iya tura shi ya tsage, kuma kada a juya ruwan cikin lambu, gishirin zai lalata shuka. Ranar da babu wuta, a nemi kulorin na ruwa marar turare, ko garin kulorin na HTH, waɗanda ba su ɗauke da sitabilaiza.

Yanayi ma yana taɓa lissafin. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwan sama yana cika kwami ya tumbatsa, gishiri da sitabilaiza su ragu tare, sai a auna bayan kowane mamako. Da rani ruwa ne kaɗai ke tashi, don haka cikawa ba ta buƙatar ƙarin gishiri. Ƙurar hunturu kuma tana ƙara wa kulorin aiki, a ƙara wa famfo awoyi. Na'urar gishiri takan ɗaga pH, wanda ake so tsakanin 7.2 da 7.8, ana sauke shi da asid. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Ba a haɗa asid da kulorin, ba a kuma haɗa tiraikulo da HTH ko a mazubi ɗaya, domin suna iya tashin wuta ko fitar da hayaƙi mai guba.

Mai wasiƙar Paikon Kore ya kuma tambaya ko gishirin lasa na shanu, da yake a wadace a yankinsu na makiyaya, zai yi. Ba zai yi ba, saboda ma'adanan da ake cakuɗa masa suna ɓata ruwa da farantan na'ura. Tsantsar gishiri ake nema.

Tambayarsa ta ƙarshe ita ce ko zai iya jefa ƙwayar kwami a tankin ruwan sha na gida. Kada ya yi. An yi ta ne don dubban litoci na ruwan wanka, ƙarfinta ya wuce na tanki nesa ba kusa ba. Ruwan sha yana da nasa magani, irin su WaterGuard da Aquatabs, a bi awon da ke jikin kwalba ko takarda, a tace ruwan idan ya yi gurɓi, a jira minti 30 kafin a sha.