AGOGON HANNU MAI ƘARARRAWA

Kowa a kwalejin nan ya san agogon tebur mai ƙararrawa, wanda ya kan ta da mutum da asuba ko yana so ko ba ya so. Amma ba kowa ya san cewa an taɓa ƙera irinsa ƙarami wanda a ke ɗaurawa a hannu ba, ba shi da batir, wani kaɗai a ke yi masa. Shi na ke so in yi muku bayani a kansa, da dalilin da ya sa har yanzu waɗansu su ke kashe kuɗi wajen nemansa, alhali kuwa wayar da ke aljihunsu ta fi shi iya ta da mutum.

Da farko sai mu san wuyar aikin. Maƙeran agogo sun daɗe da sanin ƙararrawa, amma sanya ta cikin abin da bai fi bakin ƙaramin kofi faɗi ba, wannan wata magana ce dabam. Matsala uku ta tare su. Ta ɗaya, ƙaramin abu ba ya ƙara mai ƙarfi. Ta biyu, in ƙararrawa ta ci daga sifirin da ke tafiyar da agogo, ƙarfinsa ya kan ragu, lokaci ya ɓaci. Ta uku, jikin mutum yana shanye ƙara. Ku gwada da kanku: ku ɗora tafin hannu a kan fatar ganga, sa'an nan ku kaɗa, za ku ji muryarta ta mutu. To, haka hannu ya ke yi wa bayan agogo.

Kamfanin Eterna na ƙasar Suwizalan ya fito da irin wannan agogo a 1914, amma bai sami karɓuwa ba. Sai a 1947 kamfanin Vulcain na garin La Chaux-de-Fonds, a ƙarƙashin Robert Ditisheim, ya warware matsalolin nan uku gaba ɗaya. Ya sa sifiri biyu, ɗaya na lokaci, ɗaya na ƙararrawa, kowane da gidansa. In ka murɗa ɗan kunnen agogon gaba, ka yi wa ɗaya wani, in ka murɗa baya, ka yi wa ɗayan. Ya kuma yi wa agogon baya biyu. Na ciki siririn faifan ƙarfe ne mai rawa kamar fatar ganga, na waje kuwa mai huji ne, yana tsare na ciki kada ya taɓa jiki, ƙara tana fita ta hujin. Sun sa masa suna Cricket, watau gyare, gama kukansa irin na gyare ne, ƙaramin ƙwaro mai cika ɗaki da ƙara. Ya kan yi kamar daƙiƙa 20 yana kuka.

Yaya agogon ya ke sanin lokaci ya yi? Ba wani sihiri a ciki. A ƙarƙashin fuskarsa akwai faifai mai 'yan ramuka, wanda ke juyawa sa'ad da ka saita tsinken ƙararrawa. Faifan da ke jan tsinken awa kuwa yana da 'yan haƙora. Yana ta zagayawa a hankali, har haƙoran su zo daidai da ramukan su faɗa ciki. Faɗawar nan ita ke sakin wata 'yar guduma, sai ta yi ta bugu da sauri har ƙarfin sifiri ya ƙare.

Cricket ya yi suna a Amurka. A 1953 ƙungiyar masu ɗaukar hoto na fadar shugaban ƙasa suka ba Harry Truman guda ɗaya kyauta. Eisenhower da Nixon da Johnson duk sun mallaki irinsa, har aka riƙa ce masa agogon shugabanni.

Da ganin haka sai sauran kamfanoni suka shigo. A 1950 Jaeger-LeCoultre ya fito da Memovox, sunan daga Latin ne, ma'anarsa muryar tuni. Shi kunne biyu gare shi, a tsakiyar fuskarsa kuma akwai faifai mai 'yar alama wadda a ke juyawa zuwa lokacin da a ke so. A 1956 suka yi wanda motsin hannu ke yi masa wani, shi ne na farko a masu ƙararrawa. A 1959 suka yi na masu nutso cikin teku, don ya tuna musu lokacin fitowa. Kamfanin Tudor ya yi nasa mai suna Advisor a 1957. Tarayyar Sobiyet ta ƙera masu araha da yawa da sunan Poljot. Seiko na Japan kuwa ya fito da Bell-Matic a 1966, wanda gudumarsa ke bugun lanƙwasasshen ƙarfe, muryarsa ta fi kama da ƙararrawa sosai.

Amma kasuwar ba ta daɗe ba. A ƙarshen 1969 Seiko ya fara sayad da agogon hannu mai batir, wanda ya fi na wani kiyaye lokaci. Kafin shekara goma irinsa ya yi araha, har da masu ƙarar lantarki. Kamfanoni da yawa a Suwizalan suka rufe, dubban ma'aikata suka rasa aiki, agogo mai guduma ya koma cikin akwati.

To, me ya sa masu tara tsofaffin agogo su ke nemansa yanzu? A ganina dalili uku ne. Na farko, yawancin abin da agogo ke yi ido ne ke gani, amma wannan kunne na ji, fata kuma tana jin rawarsa. Kowane iri da tasa murya, mai tarawa ya kan gane gyaren Vulcain daga ƙararrawar Seiko ko da idonsa a rufe. Na biyu, abu ne mai gyaruwa. Wanda aka ƙera shekara 70 da suka wuce, in gwani ya wanke shi ya sa masa mai, sai ya tashi. Na uku, akwai na kowane aljihu. Waɗansu irin Memovox na masu nutso, da ya ke kaɗan aka yi, su kan yi tsada ƙwarai a wurin gwanjo, amma Poljot da Bell-Matic sun fi su araha sosai.

Wanda ya yi sha'awar saye, ga gargaɗi. Kada ƙyalli ya ruɗe shi, gama a wurin masana, agogon da fuskarsa ta dushe amma ta asali ce ya fi wanda aka sake wa fenti daraja. Ya saita ƙararrawa ya ji ta da kunnensa kafin ya biya, don kayan gyaranta suna da wuyar samu. Ya sani kuma yawancinsu ba sa kuka daidai kan minti, su kan riga ko su makara kaɗan, wannan halinsu ne, ba lalacewa ba ce. Abu mafi muhimmanci, fentin da ke haske da dare a agogon da aka yi kafin wajen 1960 sau da yawa yana da sinadarin radiyam mai cutarwa. Kada kowa ya buɗe ya kankare shi, a bar wa mai gyara.

Ku da za ku koyar da kimiyya, in kun sami ko da na tebur ne, ku buɗe bayansa a gaban yara. Su ga guduma tana bugu, su taɓa ƙarfen da yatsa su ji ƙara ta mutu, su ɗaga yatsa su ji ta dawo. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ba zai manta ba cewa rawar abu ita ke haifar da ƙara.