Darasi: Yadda Na'ura Ta Koyi Karatu Da Murya

 Wayar da ke karanta wa makaho saƙo a yau tana da asali.

A shekarar 1939 Homer Dudley na ɗakin binciken Bell, a Amurka, ya nuna wata na'ura mai suna Voder. Ba karatu take yi ba: mutum ne ke danna maɓallanta, sannan sauti ya fito. Sai a 1968 Noriko Umeda da abokan aikinta a Japan suka haɗa tsarin da ke karɓar rubutun Turanci ya furta shi. A 1976 Ray Kurzweil ya fito da na'urar da ke karanta wa makafi littafi, kuma a ganina nan ne amfanin abin ya bayyana.

To, harshenmu fa? Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ko hawa da saukar murya. "Gari" irin Ɗan Issa da "gari" na gero rubutunsu ɗaya ne, daga ma'ana mai karatu ke rarrabewa. Saboda haka idan waya ta karanta wa dattijo takardar gona ko ta bashi, a nemi amintaccen mai karatu ya sake dubawa kafin a sa hannu.