Kafin Sayen Maka Don Littafin Shafa Kala: Tawada da Takarda

Matasa da yawa a manhajar waya suka fara shafa wa zane kala, inda taɓa allo sau ɗaya ke cike gurbi tsaf. Ranar da mutum ya koma kan takarda sai ya tarar tawada ta ratsa ta ɓata zanen da ke bayan shafin. Galibi matsalar daga wajen saye take: an haɗa maka da takardar da ba su dace da juna ba.

Maka iri biyu ce. Akwai mai tawadar ruwa, irin su Crayola da Tombow Dual Brush, akwai kuma mai tawadar sifirit, irin su Copic da Ohuhu da Sharpie. Ta sifirit tana bushewa da sauri, kalarta na kwanciya sumul, kuma ana iya narka kala biyu su shige juna. Aibinta shi ne tana ratsa takarda. Ta ruwa ta fi araha, ba ta cika ratsawa ba, sai dai tana barin layi-layi, kuma idan aka yi ta maimaita wuri ɗaya takardar kan yi laushi ta fara tsagewa.

Don haka littafin ne ya kamata a fara dubawa. Idan an buga zane gaba da baya, kamar Secret Garden na Johanna Basford da ya fito a 2013, makar sifirit za ta cinye zane ɗaya a kowace takarda. Mai son ta sifirit ya nemi littafin da aka buga a fuska ɗaya, sannan ya riƙa cusa kwali a ƙarƙashin shafin da yake aiki a kai.

Wanda ya sauke zane a wayarsa zai kai shagon kwamfuta a buga masa, akwai abu biyu a gabansa. Takardar A4 ta yau da kullum nauyinta 70 zuwa 80 gsm ne, ta yi siriri, gara a nemi 160 ko sama. Sai firinta. Tawadar yawancin firintocin inkjet ruwa na narkar da ita, don haka makar ruwa za ta ja baƙin layin ta dagula kalar. Firintar laser, mai aiki da garin tona, ba ta da wannan matsala. Ita kanta Copic, da kamfanin Too na Japan ya fitar a 1987, an yi ta ne don kada ta narkar da tonar fotokwafi.

Batun yawan kala kuwa, Copic na da 358, amma mai koyo bai buƙatar ko kusa da haka. Saiti mai 12 zuwa 24 ya wadatar, musamman idan akwai mai haske da mai duhu na kowace kala.

Kada a yarda da hoton saiti a shafin sayarwa. Allon waya haske yake fitarwa, shi ya sa kala ke fin kyau a cikinsa. Ko murfin makar ma yakan saɓa da tawadar ciki. Da an buɗe saiti, a shafa kowace kala a irin takardar da za a yi aiki da ita, a rubuta lambarta a gefe. Maka mai baki biyu a ajiye ta a kwance, a rufe murfi gam, nesa da rana, don zafi na busar da ta sifirit da wuri.