Faransanci ko Larabci?

Tambaya: 'Yata za ta shiga babbar sakandare. Tana son Faransanci, mahaifinta ya ce sai Larabci. Yaya zan yi?
Wata uwa, Katsina

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki. Yaro ya fi dagewa kan harshen da ya zaɓa da kansa. Na dole kuwa, ana gama jarrabawa ya bi iska.

Fara zuwa makarantar ki tabbatar akwai tsayayyen malamin Faransanci, domin wani wurin sunan darasin ne kawai a jadawali. In akwai, ki lallaɓa maigida a keɓe: Larabci ba zai kuɓuce mata ba muddin tana zuwa Islamiyya, Faransanci kuma zai yi mata rana daga Maraɗi har Kwatano. WAEC na jarraba duka biyun.

Kada ku yi gardamar a gabanta. Ku bar ta ta zaɓa.