Horar da masu binciken siyasa a tsakanin Hausawan Adjamé da Treichville

Kimiyyar siyasa, wato nazarin yadda ake samun mulki da yadda talaka ke hulɗa da hukuma, ta dogara ƙwarai ga tambayar mutane baki da baki, kuma a Adjamé da Treichville na birnin Abijan, inda Hausawan Nijar da Najeriya suka daɗe suna fatauci, tambayar da ɗalibi ya ɗauka ta share fage ce kawai tana iya hana mai amsa ta barci. Takardar tambayoyi ta saba farawa da ƙasar haihuwa da irin takardun da mutum ke riƙe da su, alhali a Kodebuwa wannan tambaya tana da tarihi mai ɗaci. An ɗora wa baƙi katin zama a farkon shekarun 1990, ba a kuma ɗage shi daga kan 'yan ƙasashen ECOWAS ba sai a 2007. Aƙidar "ivoirité", wadda ta ware 'yan ƙasa na asali daga waɗanda ake tantamar asalinsu, ta yi ƙarfi a zamanin Henri Konan Bédié. Rikicin da ya biyo bayan zaɓen 2010 kuwa ya ci rayuka kusan 3,000, har da baƙin da aka tare a shingaye. A watan Mayun 2021 ma wani bidiyon ƙarya da ya yaɗu a Facebook ya jawo aka far wa 'yan Nijar a unguwannin Abijan.

Saboda haka darasin farko da masu horarwa ke nanata wa ɗalibi shi ne ya san abin da ba zai rubuta ba: suna, lambar shago, lambar waya, da duk abin da zai nuna wane ne ba shi da takarda. Dokar ƙasar ta 2013 kan kare bayanan mutane ta tanadi hakan, amma doka ba ta shiga cikin wayar da aka sace a tashar mota.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne yarda bisa sani, wato mutum ya amince a yi hira da shi bayan ya fahimci manufarta, ya kuma san yana da damar ƙi. Babu mai shiga cikin Hausawan waɗannan unguwanni bai gaida sarkin Hausawa da liman ba, kuma hakan daidai ne. Kuskuren shi ne a ɗauki izininsu a matsayin yardar kowa. Idan maigida ya leƙo daga shago ya ce wa yaransa su ba malam haɗin kai, yaron da ke kwana a rumfarsa, yake ci daga tukunyarsa, ba shi da bakin cewa a'a, sai ya amsa yana satar kallon ƙofa. Ana koya wa ɗalibi ya sake neman yardar yaron shi kaɗai, da Hausa, da baki, domin sa hannu a takardar Faransanci ya yi kama da abin da ake yi a ofishin 'yan sanda. Tafintan da aka ɗauko daga unguwar ma abin lura ne, tunda gobe zai haɗu da mai amsar a sahun salla.

Ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta Amurka ta fitar da ƙa'idojinta kan bincike da mutane a 2020, sai dai misalin da ya fi amfani yana nan kusa, a Abobo, inda ƙungiyar Indigo Côte d'Ivoire tare da Interpeace suka nazarci gungun matasan da ake kira "microbes" ta hanyar binciken haɗin gwiwa, wanda a cikinsa jama'ar unguwa ke tattauna matsalar da kansu, a kuma dawo musu da sakamakon su tantance kafin a wallafa. A irin wannan tsari tambayoyin kansu sukan canza: ɗalibi ya zo da batun jam'iyyu, mai sayar da abincin garba ko mai shago a kan titin Nangui Abrogoua ya mayar da shi ga rusau da harajin rumfa da takardar haihuwar 'ya'yan da aka haifa a Abijan, waɗanda su ma siyasa ce tsantsa.

Zaman mayar da sakamako shi ne aka fi tsallakewa, galibi don kuɗin bincike sun ƙare kafin a kai gare shi, shi ya sa ake tilasta wa ɗalibi ya ware kuɗinsa tun a kasafin farko, ya sa shi a lokacin da kasuwa ta lafa, ya kuma shirya wa mata nasu zaman daban.