Amsoshin Tambayoyinku: Ramar Mai Jego da Girman Jariri

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ta ce ta rame tun haihuwa, tana tsoron nononta ba ya ƙosar da jaririnta.

To Malama, kwantar da hankalinki. Kitsen da jiki ya tara a cinya da ƙugu lokacin ciki, ajiya ce don shayarwa, wadda ke cin kusan kalori 500 kullum. Ƙarancin abinci ba ya rage nono sai yunwa ta tsananta. Kafin nan jikinki ne ke biyan bashin. Ki ƙara loma: wake, kunun gyaɗa, kwaɗon zogale, ba sai nama ba. Kunun kanwa kam a rage, yana wahalar da zuciya. Ki ba jaririn nono zalla har wata 6, ki riƙa kai shi awo asibiti.