Kalmomin Aro a Wajen Sa Gilashin Bayan Mota

Ɗalibin da ke nazarin aron kalmomi ya leƙa wajen bakanike a Sabon Gari, Minna, ranar da ake sa wa tsohuwar Peugeot 504 gilashin baya. Motar ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Mu kuwa "Fijo" muke kiranta, domin Hausa takan mayar da /p/ zuwa /f/.

Ga yadda aikin yake. A fara kankare tsatsar bakin ƙarfen, in ba haka ba ruwan damina zai bi ya sauka cikin but. Sai a naɗa sabuwar roba a gefen gilashin, a cusa igiya cikin tsagin robar, a shafa ruwan sabulu. Yaron shago ya danna gilashin daga waje da tafin hannu, maigida na ciki yana jan igiyar sannu sannu har leɓen robar ya hau ƙarfen. Ba a bugawa, don irin wannan gilashin tarwatsewa yake yi gaba ɗaya.

Dubi kalmomin. "Gilashi" daga Ingilishi take. An sa wasalin /i/ ya raba /g/ da /l/, aka kuma ƙara wasali a ƙarshe. "Sabulu" Larabci ce, "igiya" tamu ce. Jinsi ya fi ban sha'awa: roba ta ƙare da -a, sai ta zama tamata, gilashi kuwa namiji. Shi ya sa maigida zai ce, "Roba ta zauna, gilashi ya kama."